Sati bakwai na gashi da kemo: yadda bakin wani dattijo ya kusa tsayar mana da magani

Shekararsa 58 lokacin da aka turo shi sashenmu. Kansa ce a gindin harshe ta ɓangaren hagu, kuma ta riga ta sauka cikin kaluluwar wuya, wannan kumburin wuyan ma shi ya fara kai shi asibiti, maƙogwaron bai dame shi sosai ba a lokacin. Ya sha taba kusan shekara talatin ya ajiye ta ranar da aka faɗa masa sakamakon gwaji, yana da ciwon suga yana shan ƙwaya, sannan yana da haƙoran roba guda huɗu a sama irin wanda ake cirewa a mayar. Ku riƙe zancen haƙoran roban nan, zai dawo har sau biyu. Nauyinsa ranar farko kilo 71. Ni nas ce a ɗakin gashi, wato inda ake ƙona kansa da hasken inji mai ƙarfi, aikina duba masu karɓar magani duk sati, kuma labarin bakinsa zan bayar don shi ne ya kusa wargaza mana komai, akwai laifina ma a ciki.

Tsarin da likitoci suka ɗora shi a kai shi ne wanda aka saba yi wa irin wannan kansar: gashi sau 35, Litinin zuwa Juma'a, sati bakwai, kullum gire 2, jimla gire 70 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da nama ya sha). Sai kemo, wato maganin kansa da ake ɗurawa ta jijiya, mai suna sisplatin, miligiram 100 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, ranar 1 da ranar 22 da ranar 43. Kafin a fara likitan haƙori ya duba shi ya cire masa turame biyu na ƙasa ta hagu da suka riga suka ruɓe, aka jira sati biyu da 'yan kwanaki wurin ya rufe, saboda haƙorin da aka cire bayan gashi yana iya barin ƙashin muƙamuƙi a buɗe ya ƙi warkewa, kuma wannan bala'i ne da ba a so a gani. Aka ɗinka masa abin rufe fuska na roba wanda ake ɗaure shi da gadon injin don kai ya zauna wuri ɗaya kullum. Na zaunar da shi da 'yarsa, ita ce ke jinyarsa, na yi musu karatun baki: buroshi mai laushi sosai bayan kowane cin abinci da kafin barci, man goge baki mai fulorayid, kurkure baki da ruwan gishiri da bekin soda, ƙaramin cokali ɗaya na kowanne a lita ɗaya ta ruwa, sau huɗu zuwa shida a rana, a haɗa sabo kullum. Banda ruwan wanke baki na kanti mai giya a ciki, banda taba, banda abu mai yaji ko tsami ko zafi. Duk suka ce to. Kowa to yake cewa a ranar farko.

Dalilin da baki ke shan wahala haka ba wani abin ɓoye ba ne. Fatar cikin baki tana sabunta kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyin da ke ƙasa suna ta rabuwa suna turo sababbi sama, shi kuma gashi da kemo duk abin da ke saurin rabuwa suke bi, basu san wannan kansa ce wannan lafiyayyen nama ba ne. Na sama suna zubewa kamar yadda suka saba, na ƙasa sun daina turo madadi, sai fatar ta yi siriri ta yi ja daga nan ta fashe. Shi ya sa satin farko mutum zai ce ai gashin nan ba komai ba ne, ɓarnar tana ƙasa bata fito ba tukuna. Yawanci ja da raɗaɗi suna bayyana tsakanin gire 10 zuwa 20, gyambo kuma wajen gire 30, wato ƙarshen sati na uku. A gefe guda hasken yana dukan mafitar yawu, yawun ya ragu ya yi kauri ya riƙa yin igiya, alhali shi ne ke wanke baki yana danne ƙwayoyin cuta dare da rana ba tare da mun lura ba. Muna auna tsananin abin da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1979: mataki na 1 ja da ciwo, na 2 akwai gyambo amma ana cin abinci mai tauri, na 3 sai ruwa-ruwa kawai, na 4 ko ruwan baya wucewa.

Sati na ɗaya da na biyu sun tafi yadda aka zata. Tashin zuciya bayan kemo, ɗanɗano ya fara canzawa yace komai kamar ƙarfe yake ji, ƙarshen sati na biyu baki ya yi ja ta hagu, mataki na 1, kilo 70.

Litinin ɗin sati na uku ita ce ranar da na yi sakaci. Layi ya yi tsawo, ni kaɗai ce a ɗakin dubawa, ya shigo nace Baba ya jikin, ya bakin? Yace da sauƙi 'yata, alhamdulillahi. Na auna nauyi, na rubuta mataki na 1, nace Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Tocila tana aljihuna, katakon danne harshe yana kan tebur, ban taɓa ko ɗaya ba. Kuma wallahi na san irinsu, dattijon da zai ce maka da sauƙi ko da wuta ke ci a bakinsa, wasu don kunya wasu don tsoron kar a ce za a tsayar da magani, shi nasa daga baya ya faɗa min na biyun ne.

Ranar Alhamis, gashi na 14, gire 28 kenan, 'yar ta tare ni a baranda tace Sista don Allah ki duba Baba, kwana uku rabonsa da abincin kirki, ko ruwa ya kurɓa sai ya runtse ido. Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne lissafin bai yi daidai ba. A gire 28 ana sa ran ciwo, amma mutum ya kasa shan ruwa gaba ɗaya, kuma a cikin kwana uku kacal daga da sauƙi zuwa haka, ciwon ya riga gashin gudu. Na zaunar da shi nace Baba cire min haƙoran nan ka buɗe in gani.

Abu biyu na tarar a baki ɗaya, kuma duka farare, wanda bai saba ba zai ce abu ɗaya ne. Ta can ciki hagu, kusa da gindin harshe inda hasken ya fi sauka, akwai wani shafi fari mai ɗan rawaya-rawaya, sumul, manne da nama, gefensa ja. Na ɗan taɓa shi da katako bai motsa ba sai jini ya tsatso, Baba ya damƙe hannun kujera. Wannan gyambon gashi ne da rufinsa, ba a kankare shi. Amma cikin kumatun dama, wurin da hasken da ke isa can kaɗan ne, da saman harshe, da ganɗa daidai inda robar haƙoran ke kwanciya, wasu fararen dunƙule-dunƙule ne a warwatse kamar madarar da ta tsinke, ina gogawa da auduga suka taso suka bar jan wuri a ƙasa. Kusurwoyin leɓɓansa biyu sun tsage. Kandida ce, wani nau'in fangas da dama can yana zaune a bakin mutane da yawa lafiya lau sai ya samu sarari ya yi yawa. Abubuwa ukun da na dogara da su ke nan: ina abin yake, a cikin hanyar hasken ko a waje, yana gogewa ko baya gogewa, sannan ciwon ya dace da yawan giren da aka kai ko ya wuce shi. A sani kuma kandida bata zama fara kullum, a busasshen baki sau da yawa ja ce kawai mai sheƙi da zugi kamar an zuba barkono, wannan ita ta fi ɓacewa mutane.

Da muka zauna tambaya sai ga sararin da ta samu. Tun ƙarshen sati na biyu ya daina goge baki don ya ga jini a buroshi. Ɗansa ya sayo masa ruwan wanke baki mai ƙamshi a madadin, mai giya a ciki, yana ƙona shi amma yana daurewa wai alamar yana aiki ne. Da haƙoran roban yake kwana don baya son a gan shi babu su. Ga deksametazon da ake bayarwa tare da kemo don hana amai, yana ɗaga suga yana kuma rage garkuwa, muka auna sugan ya hau sosai. Ga yawu ya ƙafe. Ko ɗaya daga ciki ya isa, shi ya haɗa duka.

Likita ta rubuta flukonazol, miligiram 200 ranar farko sannan 100 kullum har kwana 14. Akwai nistatin na kurkurawa kuma yana aiki a mai sauƙi, amma ruwansa yawanci da sukari a ciki, ga mai ciwon suga mai busasshen baki, ga shi ana so a riƙe shi a baki sau huɗu a rana a bakin da ruwa ma ke ƙonawa, bamu ga alamar zai iya ba. Flukonazol kuma ba a miƙa shi haka kawai, sai an zazzage jakar magungunan mutum: yana ƙara ƙarfin wafarin, maganin hana jini daskarewa, har jini ya tsinke, yana ƙara ƙarfin wasu ƙwayoyin suga irin glibenklamid har suga ya faɗi musamman ga wanda baya cin abinci, kuma idan ya haɗu da ondansetron na hana amai suna iya taɓa bugun zuciya. Tunda kemo na biyu saura kwana huɗu aka yi masa gwajin bugun zuciya, aka duba fotasiyam da magniziyam, sisplatin dama yana zubar da magniziyam ta fitsari. Gwajin ƙoda ya nuna ta fara jin rashin ruwa, aka yi masa ƙarin ruwa kwana biyu aka dakatar da metfomin, ƙwayar sugansa, na ɗan lokaci. Haƙoran roba nace a ajiye su sai an gama gashi. Ruwan kantin nan kuwa 'yar da kanta ta jefa shi a kwandon shara a gabana. Kilo 68 ranar.

Ranar Litinin da ya zo kemo na biyu zugin ya ragu fiye da rabi, ya sha kofi biyu na ruwa ina kallo. Wannan ne abin da ke ci min rai har yanzu, ciwon da aka sauke cikin kwana huɗu da ƙwaya ɗaya a rana, da na haska tocila waccan Litinin ɗin da ƙila kilo biyun nan basu tafi ba.

Daga sati na huɗu zuwa na biyar sai na gashin ya zo da kansa, wannan kam ba ƙwayar da ke kore shi, sai dai a rage azaba a riƙe mutum ya ƙetare. Gyambunan hagu suka haɗe suka zama fili ɗaya har zuwa maƙogwaro, yawu ya zama kamar danƙo yana shaƙe shi da dare, ya koma mataki na 3. Tun farko yana kurkure baki da benzidamin, wanda ƙa'idojin 2020 na MASCC da ISOO, ƙungiyoyin ƙwararru kan kula da masu kansa, suka fi ƙarfafa shi ga masu gashin da bai wuce gire 50 ba, suka kuma ce ana iya amfani da shi ga masu haɗa gashi da kemo, amma da gyambo ya buɗe sai ya fara yi masa raɗaɗi, muka sirka da ruwa, daga baya ya bari. Ƙa'idojin nan sun yaba da wani haske mai sanyi na leza da ake haska cikin baki don rigakafi, mu bamu da injin. Sun kuma ce kar a dogara da kiloheksidin, ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta, don hana gyambon gashi, abin da har yau wasu ke rubutawa kamar ruwan sha. 'Yar ta tambaye ni zuma, nace gaskiya tana cikin abin da suka ambata a matsayin mai yiwuwar taimako, amma ga mai suga da haƙoran da babu yawun da zai kare su, ni bazan ce a yi ba, likita ma haka tace.

Abin da ya yi aiki shi ne lidoken mai kauri, maganin kashe jin zafi a wurin da aka shafa, kashi 2 cikin 100 a shafa a wuraren ciwo, da gargaɗin ya yi hankali don baki idan ya mutu mutum na iya cizon harshe ko ya ƙware, sai kuma mofin na ruwa, maganin ciwo mai ƙarfi, duk awa huɗu, a daidaita ɗaya ya faɗo rabin awa kafin cin abinci, tare da maganin sassauta ciki tun ranar farko don mofin yana ɗaure bayan gida. Kwana biyu muna fama kafin ya yarda. Yace 'yata ai wannan maganin waɗanda aka cire rai da su ne, ki faɗa min gaskiya. Nace Baba gaskiyar ita ce ina so ka haɗiye abinci, ranar da bakin ya warke za mu janye shi a hankali, kuma haka aka yi daga baya. Ibuprofen da danginsa mun hana saboda ƙoda tana fama da sisplatin. Farasitamol mun bari da sharaɗi guda da na maimaita wa 'yar har ta gaji da ni: a auna zafin jiki kafin a ba shi, kowane lokaci, don yana rufe zazzaɓi.

Ƙarshen sati na biyar kilo 65 da rabi. Robar fuskar ta fara yi masa yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan wuya ya rame kai yana motsi a ciki haske zai sauka inda ba a tsara ba, dole aka sake ɗaukar hoto aka gyara tsarin. Muka kawo maganar tiyon abinci ta hanci, ya ƙi ƙememe. Abin da ya roƙa maimakon haka shi ne hutun sati ɗaya, bakin ya ɗan farfaɗo sannan a ci gaba. Mutumin da ya ɓoye ciwo don kar a tsayar da magani yau shi ke roƙon a tsayar, daga nan za ka gane inda azabar ta kai. Likita ta zauna ta yi masa bayani ba tare da kwana-kwana ba: irin wannan kansar, ƙwayoyinta da suka tsira suna ƙara saurin hayayyafa a makonnin ƙarshe na gashi, kowace rana da aka ƙara a kan tsawon maganin tana rage damar kashe ta a wurin da kusan kashi 1 cikin 100 ko fiye, shi ya sa ƙa'idar ƙwararrun gashi na Birtaniya ta ce irin waɗannan marasa lafiya kar jinkirinsu ya wuce kwana biyu. Fatar bakin zata ji daɗin hutun, kansar ma haka. Ya yi shiru yace to a ƙara masa maganin ciwon. Aka ƙara.

Daren Alhamis na sati na shida, kwana 17 bayan kemo na biyu, daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke yin ƙasa, ya fara rawar sanyi. 'Yar ta ɗauko farasitamol ta ɓare ma, sai ta tuna, ta ajiye ta sa masa ma'auni: 38.4. Bata jira gari ya waye ba. A ɗakin gaggawa nutrofil ɗinsa, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta, 400 ne, ƙa'idar kuwa zafin da ya kai 38.3 sau ɗaya, ko 38 da ya tsaya awa guda, tare da nutrofil ƙasa da 500, ana ɗaukarsa gaggawa ne kuma a sa antibayotik ta jijiya cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon gwaji. Aka ɗebi jini don shuka, wato gwajin gano ƙwayar cutar da ke ciki, aka ɗaura masa fiferasilin da tazobaktam. Bayan kwana biyu shukar ta fito da streptokokus na rukunin biridans, ƙwayoyin da gidansu baki ne. Wato ta gyambon suka bi suka shiga jini, ƙofa a buɗe masu gadi sun ragu. Wannan ne amsar da nake ba duk wanda yace tunda baki na jini gara a bar gogewa: dattin da ke taruwa a haƙori shi ne rumbun ƙwayoyin nan, ana sassauta hannu ne, a jiƙa buroshi a ruwan ɗumi ya ƙara laushi, idan ya gagara a naɗe auduga a yatsa, amma ba a bari, sai in likita ya ga ƙwayoyin daskarar da jini sun faɗi ƙwarai ya ce a canza salo. An ɗauki samfur daga gyambon leɓensa ma don duba ƙwayar hafis mai fitar da ƙuraje a leɓe, tana farkawa a irin wannan yanayin kuma maganinta daban ne, asiklobir, nasa bai nuna ba.

A gadon nan ne ya yarda da tiyon, lokacin ko mofin ɗin da ƙyar yake wucewa, mataki na 4, kilo 64, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ya tafi. Ta tiyon aka koma ba shi abinci da ruwa da magani, amma mun nace ya riƙa kurɓar ruwa ko cokali biyu ne sau da yawa a rana yana kuma motsa muƙamuƙi, saboda maƙogwaron da ya daina haɗiya makonni yana ƙagewa, dawo da shi aiki ne babba. Gashin Juma'a kaɗai ya rasa. Litinin aka gangaro da shi a keke daga ɗakin kwanciya, ranar Laraba aka yi masa sau biyu da tazarar awa shida a tsakani don cike gurbin. Kemo na uku likitoci suka soke, ya riga ya samu jimlar miligiram 200 a kan kowane murabba'in mita, adadin da galibi ake ganin ya wadatar, ga jini da ƙoda basu gama dawowa ba. Ya gama gashi na 35 ranar Juma'ar da aka tsara tun farko, rana ta 47.

Na gaya musu tun kafin su tafi cewa sati biyun farko bayan gamawa bakin zai iya fin haka muni, don kar su zata wani abu ya lalace, haka kuwa aka yi, sai wajen kwana goma sha biyu ya fara juyowa. A sati na uku bayan gamawa sai ga zugi ya dawo a ganɗa, ja sumul babu fari ko ɗaya, kuma siffar jan daidai siffar robar haƙoran. Ya mayar da su ne da baƙi suka fara zuwa gaishe shi, yadda aka cire su haka aka ajiye su a gwangwani ba a taɓa wankewa ba, kandida kuwa tana maƙalewa a jikin roba. Aka sake zagayen flukonazol, robar kuma a goge ta da buroshi a jiƙa ta a kiloheksidin, a nan kam yana da amfani, a ɗauraye kafin a sa, kuma ba kwana da ita. Sati na shida bayan gamawa aka zare tiyon, mofin aka sauke shi kaɗan-kaɗan har aka daina.

Bushewar bakin bata tafi ba, ƙila ta ragu cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ƙila wani abu ya zauna. Yana kan man goge baki mai fulorayid mai ƙarfi, da ganin likitan haƙori a kai a kai, kuma an rubuta masa a kati cewa duk wanda zai cire masa haƙori nan gaba sai ya san muƙamuƙin nan ya sha gashi. Da ya zo duba na wata uku, ranar da za a yi masa hoton da zai nuna yadda kansar ta amsa, kilo 66 ne, gorar ruwa a hannu. Nace Baba ya jikin, yace da sauƙi 'yata, sai ya zaro haƙoran ya naɗe a hankici ya ɗaga kai ya buɗe baki, tocilar ma ban gama lalubo ta a aljihu ba.